Tagulla a Bakin Ƙota

Ƙarfe ɗaya da rabi na ranar Litinin aka bugo waya ofishin 'yan sanda. Mace ce, ta ce a zo an kashe mata uba.

Ashe da sauran numfashinsa. Kafin Sufeto da Sajensa su iso, maƙwabta sun kwashe shi zuwa asibiti, sun kuma tattake wurin kamar kasuwa. Sufeto ya dubi sawun takalma har cikin jinin, ya ja dogon tsaki. Mutum ne mai gajen haƙuri, kuma ba abin da ke ƙona masa rai irin masu taimako.

A wani shago da ke bayan gida abin ya faru. Mai shi tsohon kafinta ne da unguwa ke kira Baba Tsatsa, don tun da ya ajiye aiki ba shi da abin yi sai bin masu tsofaffin ƙarafa yana tsinto kayan aikin da suka girme shi. Ya kankare musu tsatsa, ya yi musu ƙota, ya rataye. Bango uku ne cike da zarto, gizago, guduma, awartaki da magagari. Kowanne an zana siffarsa da farin fenti a jikin allo, kuma yana rataye daidai cikin zanensa.

'Yarsa tilo, malamar makaranta, tana tsugune a bakin ƙofa da kwanon abincin da ta kawo masa, ta kasa ajiyewa.

"Malama, me aka ɗauka?"

Ta ɗaga kai ta bi bangon da kallo. "Babu, Yallaɓai. Komai na wurinsa."

"Wa ke shigowa nan?"

"Ni, sai abokansa masu tara irin waɗannan kaya. Duk Asabar suke haɗuwa. Amma mako uku ke nan ba ya aiki, ya faɗi ya karye a hannun dama, an ɗaure."

"Yana da rigima da wani?"



"Babu," in ji ta, idonta a ƙasa.

Sufeto ya san ƙarya in ya ji ta. Bai matsa ba, ya sa Saje ya kulle shagon ya riƙe makullin.

A asibiti likita ta tare su a baranda. Duka ɗaya ne a ƙeya, ta ce, da abu mai fuska murabba'i, bai fi faɗin kwalin ashana ba. Tsohon bai farfaɗo ba, an sa masa bututun numfashi. Zai iya buɗe ido gobe, zai iya wucewa a haka.

"In ya farka zai gane wanda ya buge shi?"

"Sai dai ya farka mu gani."

A gefen gadon akwai wani dattijo siriri mai farin gilashi, yana share hawaye da hankici. Wannan shi ne Mai Agogo, mai gyaran agogon bango, aminin Baba Tsatsa na shekara talatin. Shi ma yana tara tsofaffin kayan aiki. Malama tun tana goye take ce masa Baffa.

"Yaushe rabonka da shagon?" Sufeto ya tambaye shi.

"Tun ranar da ya karye. Ƙafata ce ta matsa min, da ƙyar na zo nan."

"Kana zargin wani?"

Mai Agogo ya dubi Malama, ya sunkuyar da kai. "'Yata, ki yafe ni, ba zan iya ɓoyewa ba. Yallaɓai, jiya surukinsa ya yi masa tas a gaban jama'a. Yana so a kwashe kayan a mai da shagon garejin mota. An gaya min har cewa ya yi wata rana sai ya zubar da tarkacen nan, da mai su."

Malama ta dafe bango. Ba ta musa ba.

Da la'asar aka kawo surukin ofis. Direban motar haya ne, ƙato, mai muryar da ke cika ɗaki, amma yau muryar ta shige ciki.

"Ina kake da safen nan?"

"Tasha, Yallaɓai. Tun bakwai ina layi."

"Mai shagon kusa da gidan ya ga motarka ƙarfe sha ɗaya."

Gumi ya karyo masa.

"Kai, kada ka ɓata min lokaci. Ka je ko ba ka je ba?"

"Na je. Wallahi haƙuri na je ba shi. Na ƙwanƙwasa, ƙofa a sakate ta ciki. Na yi sallama sau uku, shiru. Amma ina jin yana aiki, ƙwas, ƙwas, a hankali. Na ce to fushi yake, na juya."

"Aiki? Da karyayyen hannu?"

Direba ya zaro ido. Sai a lokacin abin ya faɗo masa. "Innalillahi. To wa na ji?"

Sufeto ya sa aka shigar da shi bayan kanta. Da ya fito ya tarar da Malama a tsaye jikin motarsa, tana murza yatsu.

"Yallaɓai, kada ku sake shi tukuna."

"Mijinki ne fa."

"Na sani. Shekara tara muna tare, 'ya'yanmu biyu. Amma tsoro nake ji. Wallahi tsoro nake ji. In shi ne, ya san Baba bai mutu ba, ya san ɗakin da yake kwance. Ni ban san me zan yarda da shi ba yanzu."

Ta fashe da kuka. Sufeto ba gwanin lallashi ba ne, ya dai ce ta same shi a shagon gobe ƙarfe goma.

Washegari Saje ya buɗe shagon ya wangale tagogi. Sufeto ya tsaya gaban jerin gudumomi, ashirin da huɗu cif, ya soma bin su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ya shafa sai yatsan ya ɗauko ƙura, ƙurar mako uku da ba wanda ya taɓa su.

A ta sha bakwai yatsan ya fito fes, yana ɗan santsi.

Ya sa hankici ya sauko da ita. Tsohuwa ce baƙa, fuskarta murabba'i. Ba ɗigon jini, ba ɗigon tsatsa. An wanke ta, an busar, an shafe ta da mai har cikin lungunan.

"Ga ta nan, Yallaɓai," in ji Saje. "Direba ya wanke da man injin motarsa."

Sufeto ya kai ta hanci. "Wannan ba baƙin mai ba ne. Kuma direba in ya wanke guduma, jefa ta zai yi bayan tebur ya ruga. Wa zai tsaya ya busar da ita, ya mayar da ita cikin zanenta?"

Nan Malama ta shigo, idonta jajir.

"Kin san wannan?"

"Ta kakan Baba ce. Ita ce ta farko da ya rataye."

Ta matso. Sai ta tsaya cak tana kallon saman gudumar, inda ƙota ke fitowa ta cikin kai. A nan ake danna wani ɗan guntun abu mai tsini don kan ya kama kada ya yi rawa. Wanda ke jikin wannan rawaya ne, sabo, yana ƙyalli, an kuma buga shi a karkace.

"Wannan ba aikin Baba ba ne," ta ce. "Baba itace kaɗai yake sawa, a miƙe. Cewa yake tagulla a cikin ƙota cin zalin itace ne. Shekara talatin suna musu a kan wannan shi da..."



"Shi da wa?"

"Baffa. Shi ne ke yanka tagullar tsofaffin agogo. Duk kayansa haka suke, a karkace." "Amma ranar Asabar na tsaya a gabanta, da idona na gani, itace ne a jiki."

"Yanzu wa ke wurin Baba?" in ji Sufeto.

Sai ta kurma ihu.

Ita da kanta ta bar shi a can. Ya zo da sassafe ya ce, je ki 'yata, ni zan kula da shi. Har godiya ta yi masa.

Saje ya ja mota kamar zai tashi da ita sama. Sufeto ya kira ɗakin marasa lafiya, wayar ta yi ta ƙara ba wanda ya ɗauka. Ya sake kira, haka. A wata mararraba wata babbar mota ta gindaya musu tana ƙoƙarin juyawa, Saje ya danne ham yana zagi. Malama a baya ta ƙanƙame kujerar gaba tana ta maimaita, "Ni na ba shi shi, ni na ba shi shi."

Suka haye bene da gudu. Ƙofar ɗakin a rufe, an ja labulen gado.

Sufeto ya fizge labulen.

Mai Agogo na tsaye a kan tsohon. Hannunsa na dama na riƙe da bututun numfashi, daidai inda yake haɗe. Bai zare ba. Baba Tsatsa kuwa idonsa a buɗe, ƙur a kan fuskar amininsa, hawaye na gangara masa cikin kunne. Ya farka, ba bakin magana, ba hannun ɗagawa.

"Sake shi," in ji Sufeto a hankali.

"Gyara masa nake..."

"Sake shi, na ce!"

Yatsun suka buɗe. Saje ya fincike shi gefe, Malama ta faɗa kan ƙirjin ubanta tana kiran likita.

A baranda Sufeto ya zaunar da shi kan benci, ya warware hankicin.

"Ka ce mako uku rabonka da shagon. Wannan tagullar ta waye?"

Mai Agogo ya gyara gilashinsa. "Da daɗewa na sa masa ita."

"Ranar Asabar itace ne a wurin. Yanzu zan sa a zare ta a gabanka. Ka wanke waje, amma jini na shiga rami. In muka samu jini a ƙarƙashinta, bayan dukan aka buga ta. Mu zare?"

"Kada ku zare! Za ku tsaga ƙotar, ta fi shekara ɗari."

Sufeto ya zuba masa ido. Dattijon ya ji abin da ya fita daga bakinsa, kafaɗunsa suka zube.

"Gizagona ne sila," ya ce. "Wanda ake zuwa daga nesa a gani, mai tambarin tauraro, wai aikin wani maƙeri da ya rasu tun kafin a haife mu. Ni na buga tambarin da hannuna, shekara ashirin da suka wuce. Ba wanda ya gane. Makon jiya da yake zaune ba aiki, ya ce in kawo masa ya duba. Ya sa tabarau ya ce, tsatsa ta ci ƙarfen ko'ina, yaya aka yi ba ta ci tambarin ba? Ya ce ko in faɗa wa abokanmu ranar Asabar, ko shi ya faɗa."

"Sai ka je jiya."

"Roƙonsa na je yi. Har durƙusawa na yi. Ya juya min baya. Ban san lokacin da hannuna ya kai bango ba."

"Ƙwas ƙwas ɗin da surukinsa ya ji fa?"

"Kan gudumar ne ya yi sako-sako da dukan, itacen ya fita. Ba zan iya rataye ta haka tana rawa ba. Da guntun tagulla a aljihuna, da man agogo."

"Minti nawa ka ɗauka?"

"Kamar ashirin."

Malama ta fito daga ɗakin ba su lura ba. Tana tsaye a bayansu.

"Baffa," ta ce, muryarta can ƙasa. "Duk minti ashirin ɗin nan, kana jin numfashinsa?"

"Ina ji, 'yata."

Ta ja da baya har ta haɗu da bango, ta toshe baki da hannu biyu. A cinyar mutumin nan ta koyi karanta agogo, kuma yau ko ido ba ta iya haɗawa da shi saboda tsoro.

Likita ta leƙo ta ce numfashin ya daidaita, tsohon zai tashi. Sufeto ya ciro waya ya ba da umarni a saki Direba. Saje ya danna wa Mai Agogo ankwa ya miƙar da shi.

Sun kai bakin bene sai dattijon ya turje, ya waiwayo. Malama ta ɗago, tana tsammanin gafara zai nema, ko ya aika wa amininsa wata kalma.

"Yallaɓai," ya ce, "ɗakin da kuke ajiye kayan shaida, na san akwai laima. Don Allah a naɗe gudumar da ƙyalle mai mai, kada a sa ta a leda."

Malama ta juya ta koma wurin ubanta, ta rufe ƙofar, ta danna sakata.