Ɗan Yatsan Nata'ala

Gab da magariba Kubura ta fita ɗebo garwashi a maƙwabta, nan Limawa. Da ta dawo sai ta tarar da ƙanenta Nata'ala a tsakar gida, ga buhu a gabansa.

"Yaya, ƙaron maje na kawo miki daga Miga."

Turaren wuta ne sana'arta, ta san ƙaro kamar yunwar cikinta. Wannan kuwa manya-manya ne, jawur, har da ɗumi. Kuma Nata'alan da ko tsinke ba ya kawowa sai an roƙe shi, yau shi ne da buhu guda? Hankalinta bai kwanta ba.

"Na wa ka ɗauko?"

"A jikin wata tsohuwar bishiyar maje na ɓamɓaro, can bayan gari."

"Ka yi sallama? Ka bar wa mutanen ɓoye na farko a gindinta?"

Duk mai ɗibar ƙaro a can ya san wannan ƙa'ida. Nata'ala ya kawar da kai. "Camfi ne, Yaya."

Ita dai sata take zargi. Ta gutsuri ɗan kaɗan ta jefa a kasko, don ta ji ko irin na 'yan kasuwa ne.

Hayaƙin bai tashi sama ba. Ƙasa ya bi, ya nufi zaure. Ƙamshi mai daɗi, amma a ƙarƙashinsa akwai ƙaurin gashi.

Kajin gidan suka yi tsit.

"Yaya," ya ce a hankali, "ƙafata."

Ta duba. Fatar ta yi ja, tana sheƙi kamar ƙyauren da kafinta ya shafe da mai. Ta ƙwanƙwasa da farce, ƙwas! Sheƙin na hawa, har ya wuce gwiwa.

Aka yi sallama a zaure. Muryar tsohuwa ce, a bushe.

"'Yata, ni dai na yi sallama. A ba ni kayana."

Kubura ta ja buhun, bakinta na a'uziyya, ta tura shi zaure. Ba ta ɗaga ido ba. Ƙafa kawai ta gani. Ɓawon itace ne.

Ta ji ana juya buhun, ƙaras-ƙaras. Sheƙin ya kai wuyan Nata'ala, numfashinsa na sarƙewa.

"Bai cika ba."

"Iya, ki yi haƙuri, ya ƙone. Don Allah ki bar min ɗan'uwana."

Sai ladan ya ɗaga murya da kiran sallah. Tsohuwar ta ce:

"To, na riƙe daidai abin da ya ƙone."

Zauren ya koma wayam. Nata'ala ya faɗi yana tari. Fatarsa ta dawo, ban da ƙaramin yatsansa na hagu.

Har yau yatsan na nan jawur, ba ya lanƙwasuwa. Kubura ta bar turare, ta koma ɗinkin hula. Shi kuwa Nata'ala ba ya kusantar murhu. Ranar da ya manta ya miƙa hannu zai ji ɗumi, yatsan ya fara naso, gida ya gauraye da ƙamshi.

Sai aka yi sallama a zaure.