Hannun da Ke Bugawa a Tsibirin Tarrow

Fetur na je zubawa a janareto. Shi ne kawai abin da ya fitar da ni daga tanti a yammacin nan.

Kwananmu uku ke nan a tsibirin Tarrow, ni da yayana Cyril da abokinsa Delbert Skinner, mai jirgin ruwan da ya kawo mu daga garin Burgeo. Ni da Cyril 'yan rediyon sha'awa ne tun ƙuruciya, a hannun mahaifinmu muka koya. Tun da aka kwashe mutanen tsibirin, shekara hamsin da 'yan kai, babu wanda ya sake aika saƙo daga cikinsa, don haka duk mai irin rediyonmu a duniya yana son sunan Tarrow ya shiga littafinsa. Tun ranar farko kira ke zubo mana daga Brazil da Finland da Afirka ta Kudu. Ba da murya muke magana ba, da bugun Mos ne, gajere da dogo, a kan ɗan madannin tagulla.

"Norma, yi sauri mana," in ji Cyril, ko ɗagowa bai yi ba. "Rana na faɗuwa hanyar rediyo zuwa Japan za ta buɗe, kuma minti ashirin ne kacal."

"To ka tashi ka zuba da kanka, Yaya."

"Wa? Wannan?" in ji Delbert daga bakin murhu, yana juya kifi da albasa. "Rabonsa da ɗaga abin da ya fi kofin shayi nauyi tun kafin a haifi jikata."

"Kai dai ji da kaskonka, tsohon banza. Jiya gawayi ka ba mu."

Na bar su suna yi, na ɗauki jarka.

A bayan wani dutse muka ajiye janareton, taku hamsin daga tanti, don kada ƙararsa ta dame mu. Hazo ya fara tasowa daga teku. Man ya ƙare, injin yana ta tari, na kashe shi domin in zuba.

Wurin ya yi tsit.

Kwana uku tsuntsayen teku ba su bar mu mun ji kunnenmu ba. A lokacin ko ɗaya ban ji ba. Hatta ruwan da ke dukan duwatsu kamar an rufe shi da bargo. Na buɗe jarka, warin fetur ya bugi hancina, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani warin daban, irin na fitilar kananzir da aka hure yanzu-yanzu.

Ba mu zo da fitilar kananzir ba.

Sai na ji bugu daga wajen tanti. Siriri, a hankali. Gajere, dogo, dogo.

Na dubi janareton. A kashe yake, murfin tankinsa ma yana hannuna. Batirin da muka zo da shi kuwa tun daren farko ruwan gishiri ya shige shi ya mutu.

Na ajiye jarkar na koma.

Rediyon baƙi ƙirin, ko ɗigon haske babu a fuskarsa. Cyril na zaune da abin saurare a kunne, fensir a hannunsa, yana rubutu. Delbert ya sauke kasko, yana tsaye a ƙofar tanti da cokali, bakinsa a buɗe. Daga abin sauraren ƙarar ke fita, ina jin ta daga inda nake.

"Yaya," na ce, "babu wuta fa."

Ya ɗaga mini yatsa in yi shiru. Da ya juyo, na ga idonsa ya cika da hawaye.

"Saurari hannun," ya ce da raɗa. "Norma, saurari hannun."

Duk wanda ya daɗe yana bugun Mos ya san kowa da hannunsa, kamar yadda kowa ke da muryarsa. Wani yana gaggawa, wani yana jan ƙafa. Mahaifinmu yakan ja dogon bugu na ƙarshen kalma, ya ɗan riƙe shi kafin ya saki. Ban taɓa jin wani ya yi haka ba.

Wannan haka yake yi.

Na leƙa takardar da ke gaban Cyril. Layi ɗaya ne ya rubuta sau shida: A TURO JIRGI. MATATA TA KUSA HAIHUWA.

"Shi ne saƙonsa na ƙarshe daga nan," in ji Cyril. "Shekarata tara. Kwana uku yana bugawa, iska ta hana kowa zuwa. Da jirgi ya zo aka ɗauke mu, ba mu sake dawowa ba. Ke ce a cikin, Norma. Washegarin saukarmu aka haife ki."

"Baba ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan," na ce. "A asibiti, a gabana. Ni na rufe masa ido da hannuna. Ba shi ba ne."

"To wa ye?"

Ya miƙa hannu zuwa ga madanni.

"Cyril," in ji Delbert, muryarsa can ƙasa, "don girman Allah kada ka amsa. Abin da ya kira ka da rediyo a kashe ba abin amsawa ba ne."

"Gaisuwa kawai zan yi."

Ya buga: BABA, CYRIL NE.

Bugun can ya tsaya.

Muka jira. Ina jin man kifi yana ƙaramar ƙara a kasko yana hucewa. Ina jin numfashin Delbert. Warin fitilar nan ya shigo tantin, ya danne ƙamshin albasa.

Sai amsa ta zo, harafi bayan harafi. Ban buƙaci a rubuta mini ba.

BA KAI BA. TA CIKIN.

Na dafa tebur.

Daga nan hannun ya sauya. Ya bar na Baba, ya koma mai sauri, mai tsalle-tsalle. Na Cyril ne sak. Yana maimaita lambobin kiran rediyo na mutanen da muka yi magana da su shekaranjiya, ɗaya bayan ɗaya, har da wurin da Cyril ya yi kuskure ya gyara. Sai ya sake sauyawa, ya yi sanyi, ya daidaita. Wannan karon yana tuntuɓe, yana komawa baya, yana sake gwadawa, kamar mai koyon tafiya.

Nawa ne yake koyo. Hannayena biyu kuwa suna kan tebur, ina kallonsu.

"Tashi mu tafi," na ce. "Yaya, tashi."

Ya tashi, amma ba wajen jirgi ya nufa ba. Ya cire abin sauraren ya ajiye, ya fita, ya kama wayar eriya da hannun dama yana bin ta. Ƙarar ba ta tsaya ba da ya cire. A jikin wayar take yanzu, tana karkarwa.

Doguwar waya ce, ta tashi daga tanti ta haura tudu zuwa kangon gidanmu na da. Babu abin da ya rage a wurin sai harsashin dutse, da guntun ƙarfen da Baba yake ɗaure tasa eriyar, da ramin ajiye dankali da aka haƙa a jikin tudun, mai 'yar ƙofar katako. A jikin ƙarfen nan muka ɗaure bakin wayarmu ranar da muka iso. Ni da kaina na ƙulle ta.

"Bi shi," in ji Delbert. "Ina zuwa."

Na bi shi cikin hazo. Ciyawa a jiƙe, duhu yana sauka. Ina kiran sunansa, ba ya waiwayowa.

Da muka isa kangon, na ga wayar ba ta jikin ƙarfen.

An kwance ta. Ta wuce ta gefensa, ta sauka ƙasa, ta shige ta ƙarƙashin ƙofar ramin dankali. A miƙe take ƙam, kamar igiyar da babban kifi ya kama.

Akwai haske a tsagar ƙofar. Ja-ja, yana rawa.

Cyril ya tsaya taku uku daga ƙofar. Yatsunsa suna bugu a kan wayar, su kaɗai.

"Norma," ya ce, bai motsa kansa ba, "hannuna ya ƙi saki."

Wayar ta ja. Ya matsa taku ɗaya.

Na rungumo shi ta baya da hannun hagu, na kai na dama in ɓamɓare yatsunsa. Garin haka tafina ya taɓa wayar.

Nan take ta sake shi. Ya faɗi zaune.

Ni ta kama.

Sanyi ya shiga ta tafin hannuna ya hau har kafaɗa. Ba zafi. Na ji ana taɓa yatsuna daga ciki, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, babban yatsa, manuni, na tsakiya. Ana lanƙwasa kowanne ana miƙe shi, yadda mace ke gwada safar hannu a kanti.

Bugun da ke bayan ƙofar ya daina tuntuɓe.

Wayar ta ja. Takalmina ya zame a kan ciyawa.

Ƙofar ta motsa, ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Wani ɗumi ya fito, mai warin kananzir da rigar ulu da ta jiƙe. Akwai abu a tsugune a bayanta, dab da ƙasa. Ban ga fuska ba. Numfashi na ji, kuma numfashin ma gajere ne da dogo.

Na yi ƙoƙarin ihu. Muryata ba ta fito ba.

Wayar ta sake ja. Gwiwata ta bugi dutsen bakin ƙofar.

"Kau da kanki!"

Delbert ne, da gatarin faskare. Sara ɗaya ya yi a kan dutse, tsakanin hannuna da ƙofar. Wayar ta tsinke, guntunta ya shige ramin fit, kamar wutsiyar ɓera. Hasken ya mutu.

"Ku gudu! Kada wanda ya waiwaya!"

Muka gangaro, Cyril yana jan ni, ni ina jan sa. Muka wuce tanti ba mu tsaya ba. Rediyo, janareto, littafin da muka rubuta sunayen mutum dubu huɗu, abincin da ke kasko, duk muka bar su. Muka faɗa ƙaramin kwale-kwale, Delbert ya ja igiyar inji. Shiru. Ya sake ja. Shiru.

A bayanmu, can wajen dutse, janareto ya tashi.

Tankinsa babu mai. Ban kai ga zubawa ba.

Fitilar tanti ta kama, ta haska hazon. A jikin tantin akwai inuwar wani abu da ya ja kujerata ya zauna.

A ja na uku injinmu ya tashi. Har muka hau babban jirgin da ya kawo mu, har fitilun Burgeo suka bayyana, Delbert yana ta karanta addu'ar da ya ce rabonsa da ita tun yana makarantar firamare.

Cyril ya warke sarai, sai dai ya kwance eriyar gidansa ya bayar. Ni kuwa yatsuna uku na dama ba su sake jin komai ba. Na yi shekara talatin ina aikin jinya, na san likitoci, an duba ni ciki da waje, an ce jijiyoyin lafiya lau suke. Ina riƙe cokali, ina rubutu. Amma in na ɗora su a kan madanni sai su tsaya kamar itace, harafi ɗaya ba ya fita.

Wata biyu da dawowarmu katuna suka fara isowa. Al'adarmu ce, wanda ka yi magana da shi ya aiko maka da kati ta gidan waya, da rana da lokaci a jiki, kai ma ka mayar masa. Bayan sabuwar shekara na zauna a teburin kicin ina jera su. Na farkon duk na kwanakin nan uku ne. Sai na ga na ranar huɗu. Sai na mako biyu bayan mun baro. Sai na watan Disamba, lokacin da ko jirgin kamun kifi ba ya kusantar Tarrow. Daga Japan, daga Chile, daga Poland, dukkansu da lambar kirana a jiki. Wani dattijo a Norway da muka shekara ashirin muna gaisawa ya rubuta a bayan nasa: "Na gane hannunki tun kafin ki faɗi suna."

Da bazara ta kusa, wasiƙa ta zo daga wasu ma'aurata a Quebec, 'yan rediyo su ma. Suna godiya da gayyatar da na yi musu ranar Talata, sun riga sun sami jirgi, za su iso tsibirin a watan Yuni. Akwai lambar waya a ƙasa. Ko zama ban yi ba na kira. Matar ce ta ɗauka, sunanta Solange, murya mai daɗi, ana jin tana cin wani abu.

Na gaya mata komai. Na ce ban gayyaci kowa ba, rabona da rediyo tun Satumba, na roƙe ta kada su je.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ƙyalƙyale da dariya, ta kira mijinta.

"Réjean, zo ka ji, ita ce! Kai, Madam Norma, kin iya wasa. Ai kin gaya mana a rediyo cewa za ki bugo waya ki ce haka."

Na ce mata ba wasa nake ba.

"To, to, mun ji," in ji ta. "Kin ce mu taho da doguwar waya. Mita ɗari ta isa?"