Tukunyar Juma'a a Kalgo

"Sauke tukunyar nan, Jidda."

Ban ɗago ba. Muryar na sani ko cikin barci aka tashe ni, amma takalman da ke tsaye gaban murhuna ban san su ba. Na ci gaba da juya dafa-dukata, hayaƙi na shiga idona, har daɗi na ji don ya ba ni hujjar hawaye.

"Da ke fa nake."

"Na ji ka. Sauke abin da ke kafaɗarka tukuna, sai mu yi magana."

Bindiga ce rataye a kafaɗar Muzzammil!

Muzzammil ɗina, wanda aka sa mana rana bayan girbi. Shi da kansa ya rubuta ƙyallen da ke ɗaure a saman rumfarmu: "Tukunya, ba bindiga ba." Tare muka fara wannan aiki, lokacin da ya baro gidansu a Gwandu ya zo Kalgo kula da gonar shinkafar mahaifinsa. Mun gaji ne da ganin ana bi gida-gida ana karɓar buhunan gero don a saya wa 'yan sa-kai makamai, yaran gidajen kuma na kwana da yunwa. Sai muka tara samari da 'yan mata, muna tsince kayan miyan da suka yi kwantai a kasuwa, manoma na ba mu abin da ya samu. Kowace Juma'a mu dafa a bakin titi inda kowa zai gani, mu raba kyauta, ba ma tambayar mutum daga ina ya fito.

Sai 'yan bindiga suka tare yayansa Lawal a hanya suka harbe shi. Tun ranar sadakar uku ban sake ganin dariyar Muzzammil ba, kuma kafin wata ya zagayo ya shiga sa-kai.

"An kawo ƙararki wurin 'yan sa-kai," ya ce ƙasa-ƙasa. "An ce kina rufe kwanuka kina kai wa mutanen daji."

Na saki ludayin cikin tukunya.

"Ni?! Wa ya faɗa?"

Ya gyara ratayar bindigarsa.

"Rahmatu ce ko?"

Ya kawar da kai. To dama wa zai zama? Rahmatu 'yar kawunsa ce, ta daɗe tana sonsa, kowa ya sani. Ta shigo cikinmu da sunan wanke-wanke, wallahi ko faranti biyar ba ta taɓa wankewa ba, sai kallon inda na nufa.

Zuciya ta ɗebe ni. Na cika babban kwano, na rufe, na danƙa masa.

"Riƙe. Mu je ka ga mutanen dajin nawa."

"Jidda, mutane na kallo..."

"Su kalla mana! Mu je."

Muka bi hanyar Wurogauri har bayan wasu bishiyoyin mangwaro. Nan wata tsohuwa, Inna Dije, take zaune da surukarta da jikoki, a ƙarƙashin buhunan da suka ɗinke suka yi inuwa. An ƙona musu ruga, shanu sun tafi, mazan ba labari. Ranar da suka fara zuwa rumfarmu, tsohuwar ta karɓi faranti ta riƙe har ya huce, loma ɗaya ba ta kai baki ba. Na ɗauka raini ne, na kusa faɗa mata baƙar magana. Ashe filako ne. Bafulatana irinta gara yunwa ta kayar da ita da ta tauna abinci a bainar jama'a, surukar kuma ba za ta ci a gaban uwar mijinta ba ko da wuƙa a wuya. Daga ranar nake rufe nasu in kai musu da kaina.

Yaran na hango bindiga suka ruga bayan kakarsu.

Muzzammil ya durƙusa ya gaishe ta da Fillanci, ya ajiye kwanon, ya ja da baya. Sannan ya juya musu ƙeya ya tsaya yana kallon gonaki, don su samu su ci. Ban ce masa ya yi ba. Shi ma kakarsa Bafulatana ce, ya fi ni sanin abin.

Sai na ji sonsa ya taso mini sabo.

"Ka gani ko, masoyi?" na ce. "Ka je ka faɗa musu."

"Na san ƙarya ce tun kafin in zo."

"To me ya kawo ka?"

"Baba ya rantse, Jidda. Ya ce matar da ke ciyar da dangin waɗanda suka kashe masa ɗa ba za ta taka gidansa ba. Ko ki bar tukunyar, ko a fasa."

"Inna Dije ce ta kashe Yaya Lawal?"

"Kin san ba haka nake nufi ba."

"Kai ka rubuta ƙyallen nan fa! Kai ka ce mini yunwa ce ke miƙa wa yaro bindiga!"

"A lokacin ban wanke gawar yayana ba."

Na sunkuyar da kai.

"Don Allah, Jiddata..." Idanunsa sun kaɗa. "Ki bari ko zuwa bayan biki ne. In kin shigo gidan, komai zai lafa."

"In na bari, wa zai rufe musu kwano?"

Ya san babu. Sauran 'yan ƙungiyar tsoro ya hana su bin hanyar nan tun da aka fara tsegumi.

Na je Gwandu da ƙafata, Innata na kuka tana cewa zubar da aji ne. Mahaifinsa bai yarda ya gan ni ba. Hajiyarsa ce ta karɓe ni a tsakar gida, Rahmatu na gefenta tana tsince mata shinkafa kamar mutuniyar kirki. Na durƙusa na yi bayani tiryan-tiryan.

"'Yar nan, na yarda da ke," Hajiya ta ce. "Amma ɗa ɗaya ya rage mini. Ba zan zuba ido ubansa ya yi masa baki ba. Ki taimake ni, ki ajiye ludayin nan."

Da zagina ta yi, da na samu bakin ramawa. Roƙo ta yi, shi ya karya ni. Na yi kuka har da majina, amma na ce mata, "Hajiya, ki gafarce ni, ba zan iya ba."

Cikin satin suka aiko aka kwashe kayan sa rana.

Na rame, na daina magana. Juma'a kawai ke fitar da ni daga ɗaki. Masu ba mu hatsi suka ja baya, tukunya ta koma rabi, layin mutane kuwa sai ƙara tsawo yake.

Ranar da aka ɗaura aurensa da Rahmatu, abincinmu ya ƙare layi bai kai rabi ba. Ina kankare ƙanzo ina ba mutane haƙuri sai ga a-kori-kura ta tsaya. Direban ya fara sauke manyan kuloli, shinkafa da miya da nama, har da masa.

"Daga ina?" na tambaya.

"Gwandu, gidan biki. Ango ya ce in kawo wa Malama Jidda hannu da hannu."

Wallahi tallahi niyyata in sa ƙafa in kifar da su cikin kwata, angon ya ji labari! Na ɗaga kai na ga idanun da ke kallon kulolin nan, tsofaffi da mata masu goyo, kowa riƙe da robarsa.

Na buɗe na fara zubawa.

Na raba abincin bikin Muzzammil da hannuna, ina zubawa ina goge fuska da gefen mayafi. Da na sallami kowa na cika babban kwano, na rufe, na kama hanyar Wurogauri.

Inna Dije ta ɗaga murfin, ta ga nama, ta dube ni da mamaki.

"Yau kuma biki aka yi, ɗiyata?"

"Eh, Inna. Biki aka yi."

Ta ɗaga hannuwanta sama, jikokin ma suka ɗaga.

"Allah ya ba ango da amarya zaman lafiya. Allah ya sa mutuwa ce za ta raba su. Allah ya ba su 'ya'ya masu albarka."

Ta tsaya tana jirana, don ba ta shafa addu'a sai kowa ya amsa.

Na juya musu baya don su ci, na ce, "Amin."