Hanyar Ruwan da Na Toshe

Tampol kawai na je kaiwa. La'asar ta yi sanyi, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, sai baban yara ya kira ni daga hanya. Direban babbar mota ne, ranar kwanansa huɗu rabonsa da gida. Ya ce buhunan siminti na can a filinmu a buɗe, in ruwa ya taɓa su sun zama dutse. Na naɗe tampol na ɗora wa Auta a ka muka fita. Auta ita ce ƙaramar 'yata, shekarunta sha shida a lokacin, baki gare ta kamar rediyo.

Bari in fara gaya muku yadda filin yake, in ba haka ba ba za ku gane laifina ba.

Filin a gindin gangare yake. Akwai wata tsohuwar hanyar ruwa da ta ratsa shi a karkace, daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa. Ba wani kwari ba ne mai zurfi, 'yar lotsawa ce kawai, faɗinta taku biyu, yashi fari tas, ko ciyawa ɗaya ba ta tsiro a kai. Injiniyan da ya zana mana gidan ya wuni yana awo. Ya ce abu uku ake dubawa kafin a aza bulo ko ɗaya: inda ruwa ke shigowa, inda zai fita, da gangarar da ke tsakaninsu. Shawararsa a bar wa ruwan hanyarsa, a shimfiɗa babban bututu a kanta, a yi ginin a sama.

Ni kuwa na ƙi. Ni mace ce mai fargaba, kowa a gidanmu ya sani, ko ƙofa na kulle sai na koma na taɓa ta sau uku. Gidan yayata danshi ne ya ci shi, bango ya tsage har kana hango tsakar gidan maƙwabta. Da na duba zanen na ga bututun ta ƙarƙashin ɗakin yara zai bi, sai na kafe. Ruwa na gudu a ƙarƙashin gadon 'ya'yana, ni kuma in yi barci? Injiniya ya yi bayani har ya gaji. Baban yara ya ce a yi mini yadda nake so kowa ya huta. Aka gina 'yar katanga iya ƙirji a bakin hanyar, ni da kaina na tsaya sai da aka cika ramukan bulon da kankare. Sannan aka haƙa sabuwar kwata daga gindin katangar ta waje, ta bi gefen fili ta gangara zuwa babban lambatun titi.

A ranar da na kai tampol ɗin aka gama haƙar.

Da muka isa, leburori duk sun tashi. Magini kaɗai muka tarar, tsugune a bakin sabuwar kwatar, da bokiti a gabansa. Dattijo ne mai barkwanci, shi da Auta kullum sai sun yi. Tun kafin ta sauke tampol ta tambaye shi wanka zai yi a nan ko wanki. Ya ce da da bakinta ake kwaɓa siminti da tuni mun rufa ɗaki. Amma bai yi dariya ba, bai ma ɗago ya dube ta ba.

Ya ce mini shi ƙa'idarsa ce tun yana yaron aiki: ba ya shafe kwata da siminti sai ya zuba bokitin ruwa a ciki ya bi shi da ƙafa. Inda ruwan ya tsaya ya san akwai tudu, sai a kankare. Ya ce tun la'asar bokiti shida ya zuba.

"Hajiya, zuba da hannunki," in ji shi. "Kada a ce idona ne."

Na ɗauki bokitin na tsaya a tsakiyar kwatar na tuttula.

Ruwan ya gangara kamar kamu uku. Sai ya tsaya. Ya dunƙule wuri ɗaya kamar wanda aka kira sunansa daga baya. Sannan ya juyo. Ya bi ta tsakanin ƙafafuna, ya hau tudun, ya tafi sama tiryan-tiryan har gindin katangar. Can ma bai tsaya ba. Ya fara hawan bulo.

Auta ta ce ai kwatar ce aka haƙa a baibai. Magini ya ɗora ma'auninsa mai ɗigon ruwa a tsakiya, ya nuna mata. Gangara na nan daidai, zuwa titi. Ni tunda na haife ta ban taɓa ganin ta rasa ta cewa ba sai ranar.

Muka taka zuwa wajen katangar mu uku. Ban san me ya kai mu ba. Muka tsaya ta wajenta, inda tsohuwar hanyar ke gangarowa daga sama ta ci karo da bulo.

Iska ta ɗauke cak. Kwaɗin da ke ta kuka a lambatun titi suka yi tsit lokaci ɗaya. Wani wari ya taso, irin na lakar ƙasan rijiya in an yashe ta, da ƙarni-ƙarni a ciki. Ko ɗigo ɗaya bai sauka ba tukuna.

Sai na ji tafiya.

Daga saman gangaren take zuwa. Caɓ, caɓ, caɓ, kamar jiƙaƙƙun ƙafafu. Ba mutum ɗaya ba, ba goma ba. Na duba hanyar, ba kowa. Yashi ne fari, busasshe. Amma sawu yana fitowa a kansa, jiƙe, ɗaya bayan ɗaya. Akwai manya, akwai ƙanana kamar na masu koyon tafiya. Duk ba su da dunduniya.

Na gaba suka iso katangar suka tsaya. Na baya suka ci gaba da zuwa. Sawu kan sawu, har yashin gabanmu ya koma caɓi.

"Kada wanda ya gudu," magini ya raɗa. Leɓunansa na motsi da addu'a. Ni ma na nemi tawa, ko harafi ɗaya ya ƙi fita.

Sai wani sanyi ya taɓa kunnena na dama. Muryar tsohuwa ce, a hankali, babu fushi a cikinta.

"Wa ya rufe?"

A nan ne na yi abin da har yau nake roƙon Allah gafara a kansa. Na juya na kalli magini. Kallo kawai.

Aka ɗaga shi ta wuya. Na ga takalmansa suna reto a iska, na ga idanunsa sun firfito. Aka wurga shi ta saman katangar zuwa cikin fili, inda rodin ginshiƙai ke tsaye tsirara. Na ji shigar ƙarfe cikin nama. Ya yi ƙara sau ɗaya.

Ruwa ya tsuge kamar an ɓalle sama.

Auta ta zura da gudu. Taku uku ta yi aka kwashe ƙafafunta. Ta faɗi rub da ciki, aka ja ta baya ta idon sawu, fuskarta na sharar laka. Na yi tsalle na cafko wuyan hannunta. Wani abu ya kama yatsuna biyu ya lanƙwasa su baya, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Na ji ƙarar su kamar busasshen kara. Hannuna ya buɗe.

Aka ɗaga ta sama a kwance, miƙe sambal, yadda ƙarti ke ɗaukar gungume. Aka ja ta baya. Aka rugo da ita.

Kafaɗarta ce ta fara samun katangar.

Aka sake ja da ita baya. Wannan karon kanta ne. Jini ya fantsamu a bulo, ruwa ya wanke shi nan take. Bulon ya yi 'yar tsaga.

Da na ga tsagar nan na gane. Ba fushi suke da 'yata ba. Abin fasa katanga suke nema, ita ce ta zo hannu.

"Ni ce!" na ce. "Ni na sa aka rufe! Ku sake ta, ni ce!"

Ba wanda ya saurare ni. Lokacin tambaya ya wuce.

Aka ja ta baya karo na uku. Hannuwanta na lilo, ba ta ko motsi.

Akwai diga yashe a bakin kwata. Na rarumo ta. Na shiga tsakanin Auta da katanga, na ba su baya.

Kan 'yata ya same ni a tsakiyar gadon baya. Numfashina ya ɗauke, goshina ya bugi bulo. Ban faɗi ba.

Na ɗaga diga na sara a kan tsagar.

Ta yi tsalle ta dawo. Kankaren nan ne da na sa aka cika bulon da shi da bakina.

Na sake sara. Karyayyun yatsuna suna lilo a jikin ƙota.

Ruwa ya taru ya kai mini gwiwa. Ina jin numfashinsu a ƙeyata, sanyi, da yawa.

Na ji sun sake ja da ita baya.

Na sara. Na sara. Na sara.

Bulo ɗaya ya ɓalle ya faɗa ciki. Na kusa da shi ya bi shi. Katangar ta yi wani nishi ta kwanta gaba ɗaya.

Suka saki Auta tim a cikin ruwa.

Na faɗa kanta na rufe ta da jikina, na tallafo haɓarta sama da lafiyayyen hannuna don kada ta shaƙi ruwa. Sai suka bi ta kaina.

Tafin ƙafa bayan tafin ƙafa, sanyi kamar ƙanƙara. Wasu nauyi kamar buhun siminti, wasu sakayau kamar 'yan yara. Akwai mai jan ƙafa ɗaya, ya karce ni tun daga ƙugu har wuya. Haƙarƙarina ya ɓalle ta hagu, na ji shi sarai. Yashi ya cika mini baki. Ban saki haɓar Auta ba.

Ban san tsawon lokacin da suka ɗauka ba.

Ta ƙarshe ta tsaya a kaina. Na gane ta da sanyin nan a kunne.

"Tambaya kawai muka yi miki," ta ce.

Ta taka ni ta wuce.

Ihun magini ne ya kawo mutane. Mai walda na bakin titi ya zo da zarto ya yanke rodin, aka tafi da shi asibiti da guntun ƙarfen a cinyarsa. Mu ma aka kwashe mu a mota ɗaya. Ko magariba ba a idar ba. Maƙwabta suka ce ambaliya ce ta ture katanga ta haɗa da mu, likita ma haka ya rubuta. Wata ma'aikaciyar jinya ce kaɗai, da ta zo goge mini baya, ta tambaye ni ko turmutsitsi na shiga.

Kwana uku Auta ba ta farka ba. Ina kan gado na kusa da ita, an naɗe mini ƙirji, ina ƙirga numfashinta. A na huɗu ta buɗe ido ta ce ƙishirwa take ji.

Da na iya takawa na je gidan magini na durƙusa. Ya ce ya ga kallon da na yi masa, ba sai na faɗa ba. Ya ce ya yafe, shi ma da a ce shi aka fara tambaya, bai san abin da zai yi ba. Amma ya ce bulonmu kam ba zai ƙara taɓawa ba. Da sanda yake tafiya yanzu.

Baban yara ya so a sayar da filin. Na ce duk wanda ya saya katanga zai fara yi, kuma shi ma yana da 'ya'ya. Muka koma wajen injiniya ya sake zane. Gida biyu muka yi a fili ɗaya, ɗakuna ta nan, ɗakuna ta can, hanyar ta ratsa tsakar gida a buɗe, ko bututu ban yarda an sa mata ba. Falankin kankare ɗaya aka gitta muna tsallakawa. Baƙi suna ce mana mun yi asarar wuri. Ina ce musu haka ne.

Auta ta warke. Kafaɗarta ɗaya ta ɗan sauka, kunnenta na hagu kuma likita ya ce ya mutu, ba zai ƙara ji ba. Surutun ma ya dawo, ko da yake ba duka ba.

Daminar da ta wuce, wata rana da hantsi, ina zaune a bakin hanyar ina wanke-wanke, na miƙe ƙafa ɗaya a kan yashin. Sama tas, rana fes. Auta tana shanya tana ba ni labarin wata ƙawarta, sai ta yanke maganar a tsakiya. Ta juya mataccen kunnen nan wajen saman hanyar. Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta ja baya ta jingina da bango, ta sunkuyar da kai yadda ake yi in manya za su wuce.

"Mama," ta ce ƙasa-ƙasa, "janye ƙafarki. A hankali."

Na janye.

Ban tambaye ta su nawa ne ba. Har yau ban tambaya ba.