Hannun Mai Aski

"Ka sha maganinka?"

"Haba Baturiya! Ko gaisuwa babu?"

Sunan da saurayina ya laƙaba min ke nan tun da na dawo daga karatu. Na tafi na bar shi siriri, mai askin da ake bin layi a shagonsa. Na dawo na tarar ya yi jinya. Muryoyi ya riƙa ji waɗanda babu masu su, har aka kwantar da shi. Maganin da likita ya ɗora shi a kai ya kashe muryoyin, amma ya kawo ƙiba da yawan barci da bushewar baki. Hannunsa kuma ya kama rawa. Kwastomomi suka watse.

Ni ban je ko'ina ba.

Da Yaya ya kai wa Abba labarin soyayyarmu, cewa Abba ya yi, "Wanda ya kasa riƙe kofin ruwa ne zai riƙe min 'ya? Zan je ya yi min aski in gani da idona."

Tun da na faɗa masa maganar Abba ya canza. Barcin ya tafi, tsokana ta dawo.

"Na ce ka sha?"

"Na sha mana, rabin raina. Duba nan!"

Ya miƙo hannu, ko gezau. Na yi murna.

Ranar da Abba ya zo, ina tsaye a bakin ƙofar shagon. Ya yafa masa ƙyalle, ya kunna inji, ya share gefe ɗaya tas. Har Abba ya fara gyaɗa kai.

Sai ya kashe injin.

"Abba, don Allah ka ce su yi shiru."

"Su wa?"

"Na cikin madubin... tun ɗazu suke zaginka."

Ya ɗauko tawul ya lulluɓe madubin, yana ba mu haƙuri.

Abba ya cire ƙyallen ya ninke, ya kifa hula a kan rabin aski.

"Allah ya ba ka lafiya, ɗana." Ya juyo gare ni. "Wuce mu tafi."

A asibiti likita bai ɓoye min komai ba. Ashe ya jima da daina shan maganin.

"Ba a yanke wannan magani kai tsaye, ciwon dawowa yake yi. Da ya zo ya ce min hannunsa na rawa, da na rage masa ko na canza wani."

Abin da ya kamata ya yi ke nan kawai. Ya zo ya faɗa.

Na same shi kwance, harshensa ya yi nauyi.

"Baturiya... gefen da na gama, ya yi kyau?"

"Ya yi kyau, masoyina."

Ya lumshe ido.

Mahaifiyarsa ta yafito ni waje.

"'Yata, ki yafe min abin da zan faɗa. Lafiya lau yake shan maganinsa kafin ki dawo. Duk ranar da ya gan ki, so zai yi ya koma wancan da kika bari. Ni kuwa wannan nake da shi, mai ƙibar, mai barcin. Ki bar min shi."

"Mama, a haka nake son sa, wallahi!"

"Na sani. Shi ne ba ya son ki gan shi a haka."

Ta karɓi ledar lemun da ke hannuna, ta koma ciki, ta ja ƙofa.