Sunan Da Bai Kira Ba

Ranar da Rodel ya fara ganin Merlita yayyafin Disamba ake yi, irin mai nacin nan da ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Ya tsayar da motarsa a bakin kasuwar Laoag, a arewacin ƙasar Filifin, yana jiran 'yan yawon buɗe ido da zai kai gaɓar arewa, sai ga mata biyu ƙarƙashin lema ɗaya, tsohuwa da budurwa. Budurwar ta karkatar da lemar duk kan tsohuwar, ita kuma kafaɗarta ta jiƙe sharkaf. Kafaɗar nan ya fara gani kafin fuskar, kuma tun daga nan ya san ya shiga uku.

"Kujera uku, Manong," in ji budurwar, da kalmar da muke kiran yaya. "Pasing, Merlita, da Efren."

"Shi Efren ɗin a ina za mu ɗauke shi, Ading?" ya tambaya, shi ma da kalmar da muke kiran ƙanwa.

Ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ce ta amsa. "A hanya. Kai dai rubuta sunansa."

Sai da suka yi nisa ya fahimta. Efren yayan Merlita ne, ɗan tsohuwar, Nanang Pasing, wato Mama Pasing. Wata biyu da suka wuce ya hau duwatsun bakin teku yana tsinkar gamet, baƙin ganyen ruwan nan da ake ci, wanda ba ya fitowa sai inda igiyar ruwa ta fi mugunta, ruwan ya ɗauke shi, ba a ga ko takalminsa ba. Nanang Pasing ta ƙi sa baƙin kaya, ta kori matan da suka zo addu'ar kwana tara. Ta zaɓi motar masu yawo ne saboda ita kaɗai ke tsayawa a kowane lungu. Yayin da 'yan Manila ke ɗaukar hoto ƙarƙashin manyan fankokin iska masu ba da lantarki na Bangui, su biyun suna bin masunta ɗaya bayan ɗaya da hoton Efren.

Rodel yana da al'adar da ya gada wurin kakarsa. Duk sanda za a bar wani daji ko bakin teku, sai ya tsaya a ƙofar mota ya kira kowane fasinja da sunansa, ya ce taho mu tafi, kada ka tsaya a baya, don kada kurwar wani ta maƙale a wurin. 'Yan Manila dariya suke yi suna ɗaukarsa a waya. Mu da muka tashi a nan mun san ba wasa ba ne, mun kuma san mai rai kaɗai ake yi wa wannan kira. Ba a gayyatar mamaci gida.

Da ya zo suna na uku a takardar, ya ɗan tsaya. Tsohuwar ta kafe shi da ido.

"Efren, taho mu tafi, kada ka tsaya a baya."

Nanang Pasing ta buɗe jakarta ta miƙo masa wainar shinkafa gasasshiya a ganyen ayaba. Merlita kuwa ta kalle shi ta madubi, kallo ɗaya, ta kau da kai.

Tun daga nan duk wata suke zuwa. Mota na girgiza tsohuwar a baya amma ta ƙi gaba, sai Merlita ta koma kusa da direba. A kan gadar Patapat, inda dutse ke gefe ɗaya teku ke ɗaya gefen, takan rufe ido har su wuce, shi kuma ya fara ba ta labarin shirme don kada ta ji ƙarar ruwan.

"Manong, labarin nan ka ba ni shi wancan watan, kuma akuya ce a ciki ba kare ba."

"Akuyar ta gaji, ta aiko karen."

Karon farko ke nan da ya ji dariyarta, ita ma ta yi saurin haɗiye ta kamar ta yi laifi.

Washegari da hantsi ya tura mata saƙo: "'Yar kujerar gaba, yau wani ƙato ya zauna a wurinki, ya yi ta minshari har Claveria. Ki tausaya mini ki dawo."

Ta amsa: "Direban ƙarya, ka kula da hanya. Na ajiye maka busasshen kifi, amma idan ka sake canza akuyar nan ba ka ci."

A wata na biyar ya zo da kawunsa da gwaggonsa neman aurenta. Nanang Pasing ta ba su kofi, ta saurare su har ƙarshe.

"Yaron kirki ne, ban ce ba. Amma ubanta ya rasu, yayanta ne zai kai ta gaban fada a coci. Ku jira ya dawo."

Kawun ya buɗe baki, Rodel ya taka masa ƙafa. Kowa a ɗakin ya san lissafin. Idan an yi rasuwa a gida, shekara guda ake jira kafin biki. Amma shekarar da aka ƙi farawa, yaushe za ta ƙare?

A lokacin ne Wilfredo ya sauka daga Hawaii, ɗan ƙawar Nanang Pasing, da farin takalmi da turare mai hawa kai. Ni dai ban taɓa yarda da mutumin da kullum bakinsa ke ɗauke da abin da kake son ji ba. Kullum yana tsakar gidan yana cewa, "Nanang, na san wani da jirgin 'yan Taiwan ya tsinta, sai bayan shekara biyu ya bugo waya." Tsohuwar ta riƙa zuba masa abinci kamar ɗan da ta haifa.

A tafiya ta bakwai aka buɗe wata hanyar ƙafa da zaftarewar ƙasa ta toshe tun bara. Awa biyu ce cikin daji, ta wuce wani ruwa mai zubowa daga dutse, ta ɓulle wani ɗan lungun masunta mai gida shida. Tsohuwar ba za ta iya ba, Merlita ta zauna da ita a rumfar bakin titi, Rodel ya karɓi hoton ya shige gaba da masu yawo. Suna can suna ihu cikin ruwan sanyi, shi ya gangara wurin wani dattijo da ke ɗinkin koma.

Dattijon ya daɗe yana kallon hoton. "Ruwa ya taɓa kawo mana wani saurayi, amma fuska kam babu, ɗana. Mun binne shi a bayan bishiyar can, mun yi masa addu'a. Hanya a toshe, waya ba ta kamawa." Ya shiga bukka ya fito da ɗan makulli a jikin igiyar roba. "Wannan ne a wuyansa."

Rodel bai san yadda ya yi tafiyar dawowa ba. A ƙofar mota ya ɗaga takarda kamar kullum. Ya kira 'yan Manila. Ya kira Pasing, ya kira Merlita. Sai ya ninke takardar.

"Ka manta ɗaya," in ji tsohuwar.

"Nanang, mu je gida tukuna."

"Na ce ka manta ɗaya! Kira shi!"

Da zai iya ƙarya da ya yi, amma kakarsa ba ta koya masa kiran mamaci ba. "Akwai kabari a can, Nanang," ya ce a hankali.

"Kabari!" Muryarta ta tsinke. "Wato ka gaji da jira, ka je daji ka haƙa wa ɗana rami don shekara ta fara gudu ka samu mata? Allah ya isa tsakanina da kai!"

Ya juya ga Merlita, ya ga abin da ya fi zagin ciwo, ita ma tambayar ce a idonta. Ta koma baya kusa da uwarta. Da za su sauka a Laoag ya danna mata makullin a tafin hannu, ta rufe hannun ba tare da ta dube shi ba.

Sati uku yana turo saƙo ba amsa. Na ƙarshen ya ce: "Lita tawa, da zan iya musanya aurenmu da dawowarsa, wallahi da na musanya. Ba sai kin yarda da ni ba. Makullin zai faɗa miki."

Ta san makullin. Tun a mota ta san shi, shi ya sa ta kasa kallonsa. Efren yana da akwatin katako a ƙarƙashin gado wanda ba a buɗe ba tun ranar. Ta ɓoye makullin cikin tulun shinkafa, kullum ta ɗebi awo sai ta ji shi a yatsunta.

Ranar wata Lahadi bayan coci, Wilfredo na tsakar gida yana ba da sabon labari, wannan karon jirgin 'yan Koriya ne. Merlita ta ga yadda uwarta ta rame, tana gyaɗa kai kamar yarinya. Ta tashi, ta shiga ɗakin, ta jawo akwatin tsakar gida.

"Me kike yi da kayan yayanki?" in ji uwar.

Merlita ta sa makullin. A ranta tana roƙon Allah ya sa ya ƙi shiga. Ya juya lafiya lau, kamar jiya aka shafa masa mai.

Nanang Pasing ta durƙusa, ta ɗauko rigar da ke sama ta kifa fuskarta a ciki. Kukan da ta riƙe wata tara ya fito, har maƙwabta suka shigo ba sallama. Wilfredo ya lallaɓa ya nemi farin takalminsa. Da tsohuwar ta samu numfashi ta ce, "Kira direban nan."

Rodel ne ya goya ta a baya duk awa biyun nan cikin daji har bakin kabarin. Aka yi addu'ar kwana tara, aka sa baƙi, shekara ta fara. Ya jira ta cif, bai taɓa tambayar saura wata nawa ba.

Saƙonta na farko bayan dawowarsu gajere ne: "Manong, na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Ka yafe mini. Ina sonka, kuma ina jin kunyar yin farin ciki."

Ya amsa: "Ba komai tsakaninmu sai alheri, masoyiyata. Ki yi kukanki, ina nan ba inda za ni."

An ɗaura auren sati biyu bayan an cire baƙin kaya, a ƙaramin cocin garinsu, iska na kaɗa tagogi. Nanang Pasing ce da kanta ta riƙo hannun 'yarta har gaban fada. Da aka fito, ango da amarya suka sunkuya suka ɗora hannunta a goshinsu don neman albarka. Ta riƙe na Rodel ba ta saki ba.

"Zan faɗa maka gaskiya, tunda kai ma ita ka faɗa mini. Duk sanda na ga fuskarka, ranar nan nake tunawa. Ban sani ba ko zan daina."

"Na sani, Nanang."

"Amma duk garin nan kai kaɗai ka kawo mini shi." Ta gyara masa wuyan riga, ta share idonta da bayan hannu. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya raba zuri'arku da duwatsun nan. Wuce ka ci abinci, ɗana, ka rame."