Gamanar Uwani

"Yamai? Yamai hwa kika ce?"

Inna Mairo ta saki ludayi cikin ƙwarya, ta dubi surukarta Uwani kamar yau ta fara ganinta. Furar da take damawa ruwa ya fi hatsi yawa, don shekarar ce damina ta yi gardama, sojoji kuma suka karɓi mulki. Rediyo na ta maganar rabon abinci, amma ƙauyensu da ke ƙasar Korgom rabon bai iso ba tukuna.

"Inna, lakwal biyu na aika ma takarduna na neman karatu, duka sun ɗauke ni," in ji Uwani, kanta a ƙasa. "Guda a Maraɗi, guda a Yamai."

Uwani ma'aikaciyar jinya ce a ɗan asibitin ƙauyen. Allura ta iya, ƙarin ruwa ta iya, amma yunwar bana ta koya mata cewa maganin da babu shi a kwali ba ya warkar da kowa. Ta ga abincin yara masu tamowa yana lalacewa a ma'ajiyar wani gari, wani garin kuma ana binne yara don rashinsa, saboda babu mai tsara abin. Shi ya sa ta nemi makarantar kasuwanci. Ta Maraɗi kusa take, kowane sati za ta iya zuwa gida, amma lissafin kanti da banki take koyarwa. Ta Yamai ce ke da sashen tafiyar da asibiti, shekara biyu cur.

Cha'ibu, yayan mijinta, wanda ke riƙe da gandun gidan tun rasuwar mahaifinsu, ya tuntsire da dariya.

"Karatun kasuwanci! Ga Inna nan, tun muna goye take saida ƙuli-ƙuli, wa ya ba ta difilom? To ki ji, in kika tahi Yamai, gamanakki ta koma gandu!"

Gamana ita ce ɗan filin da gida ke yanka wa matar aure, ta noma abinta bayan an tashi daga aikin gandu, ta zuba a rumbunta. Ba ta komawa gandu sai in mace ta mutu ko aurenta ya mutu. Cha'ibu bai ambaci saki ba, amma kowa ya ji shi.

Mati, mijin Uwani, ya tashi ya fita. Shi dama mutum ne da ko gaisuwa sai ya tauna kafin ya amsa. Sai bayan la'asar, da suka kaɗaita a ɗaki, ta ce masa cikin hawaye:

"Maigida, Maraɗi zan zaɓa. Ba ni son a raba mu."

"Mi za su koya miki a Maraɗi?"

"Lissahin kanti."

"Kanti gare mu?" Ya ƙara da cewa, "Ran da ɗiyar maƙwabcinmu Mumuni ta cika a hannunki, ke kika ce mani maganin yana nan jibge a wani gari. Kin daɗe ba ki ci abinci ba. Tahi Yamai, Uwani."

"Gamana fa?"

"Bar ni da Yaya."

Ga kuskuren nan. Ita ta ɗauka yana nufin a bar wa Yaya filin. Da wannan nauyin ta hau mota a Tasawa, tana ganin ta sayi karatu da gurbinta a gidan miji.

Yamai ba ta yi mata maraba ba. 'Yan ajinsu 'ya'yan manyan 'yan kasuwa ne, suna ce mata "Tanti" don ta girme su, in an tashi kowa ya hau babur ɗinsa ya bar ta a bakin titi. Tana cin abinci ita kaɗai, ta yi bita ita kaɗai. Ko hutu ba ta iya zuwa gida, don lokacin ne ake tura su koyon aiki a asibitoci. Waya kuwa, a ƙauyensu ba ta kamawa sai an hau tudun bayan gari. In Mati ya hau, maganarsa ba ta wuce "Lahiya lau, kowa lahiya." Bai taɓa ambaton gamana ba, ita kuma tsoro ya hana ta tambaya. Sau da yawa in ya kashe waya sai ta kifa kai a kan littafi ta yi kuka.

Abin da ba ta sani ba, ran da ruwan shuka ya sauka, ana tashi daga gandu da azahar Mati ya saɓa sungumi ya nufi gamanarta. Kafin Cha'ibu ya farga, iri ya shiga ƙasa, kuma a gidan manoma ba a tone shuka. Cha'ibu ya yi ta zage-zage, ya gaji ya bari.

Daga ranar Mati ya zama abin dariyar gari. Da yamma filayen nan mata ne kawai a cikinsu, sai shi ƙato guda a tsakiya yana noma.

"Sannu amarya! Ina ɗankwalin naki?" in ji matan.

Samarin majalisar shayi suka ɗora: "Mati, wasu maza na tahiya cin rani su bar mata, kai matakka ta tahi ta bar ka da tsaron gida!"

Ya daina zuwa majalisar. In ya dawo daga gona sai ya zauna a ƙofar ɗakinta, inda tabarmarta take a naɗe. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, har ya rame, amma bai gaya wa kowa ba.

Daminar ma ba ta yi albarka ba. Gandu ya ba da ɗan abin da ya bayar. Gamanar Uwani kuwa, da yake a kwari take, ta yi 'yan dammuna, Mati ya zuba a ƙaramin rumbunta ya rufe. Rani bai ƙare ba rumbun gandu ya koma fayau, 'ya'yan Cha'ibu suka fara kwana da ruwan kanzo.

"Mati, buɗe rumbun nan!" in ji Inna Mairo. "Yara na kuka!"

"Inna, rumbun mace ba a buɗe shi sai da izinin mai shi. Ke kika koya mani. Baba ya taɓa buɗe naki?"

Gaskiya ya faɗa. Marigayin bai taɓa ba, ko a babbar yunwa. Mati bai jira amsa ba, ya ɗauki waya da gudu ya nufi tudu.

A ranar Uwani tana zaune a bakin wani asibitin kuɗi inda ta yi koyon aiki. Mai asibitin ya yi mata tayin zama, albashi mai tsoka da ɗaki. Zuciyarta ta fara karkata, tunda gidan da aka karɓe maka gamana ai an gama da kai. Sai waya ta yi ƙara.

"Uwani, izini nike nema," in ji Mati yana haki. "In buɗe rumbunki?"

"Wane rumbu? Rumbun da babu ko ƙwaya?"

"Da hatsi ciki. Na gamanakki."

"Gamanata? Ba ta koma gandu ba?"

"Wa ya ce miki? Ni na nome ta."

"Kai? Cikin mata?"

"To, ai sun saba da ni. Har amarya suke ce mani."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta. Ta durƙusa a bakin titi, mutane na wucewa suna kallonta.

"Shekara guda, Maigida! Don mi ba ka gaya mani ba?"

"Ba ki tambaya ba."

"Buɗe! Buɗe duka! Ka fara auna ma Inna, sannan gidan Yaya."

Da ta share ido, ta shiga ta yi wa mai asibitin godiya, ta ce tana da gida.

Da yammar nan aka daka hatsin Uwani. Cha'ibu ya sha furarsa har ya suɗe ludayi, ya kasa haɗa ido da ƙanensa. Inna kuwa ta riƙe ƙwaryar, ta ce, "Wadda muka ce ta bar gida ita ta ciyar da gida."

Da karatu ya ƙare, Uwani ta nemi a turo ta Tasawa, aka ba ta kula da ma'ajiyar magani da abincin yara na ƙauyukan yankin. Ran da ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gida, Inna ce ta fito da kanta ta karɓi jakarta. Cha'ibu ya yi gyaran murya ya ce, "Sannu da zuwa, ƙanwata."

Mati yana gefe, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna, amma da ta matso abin da ya iya cewa kawai shi ne:

"Gamanakki na son maimai. Ni na gaji da zama amarya."

Mai haƙuri shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. 'Yan mata da samari, in za ku zaɓi makaranta, ku zaɓi wadda za ta koya muku aikin da ya tashe ku daga gida, ko da ta yi nisa. In za ku zaɓi abokin zama kuma, ku nemi wanda zai tsare muku gurbinku ko gari duka na yi masa dariya. Sai dai in Allah ya ba ku irin Mati, ku riƙa tambaya, don shi ba zai faɗa ba.